Gonar da Munzali Ya Gyara

Munzali ɗan Gwadangaji ne, kuma tun yana firamare ba ya son barin abu yadda ya same shi. In an ce a zana kogin Rima, nasa sai ya fito shuɗi kamar an zuba bula. Malami ya taɓa tambayarsa inda ya ga ruwan Rima haka, ya ce ai laifin ruwan ne.

Da ya girma sai ya kama ɗan shago ya ajiye kwamfuta. Sana'arsa gina ƙasa a cikinta: tudu, kwari, ciyawa, gajimare, duk shi ke dasawa. Masu ɗaukar hoton biki su karɓa su manna a bayan ango da amarya. Rabin ma'auratan unguwar Badariya a gaban dutsen ƙanƙara suke tsaye a bangon falonsu, alhali wasunsu ko Jega ba su taɓa wucewa ba.

In ya gama jera komai sai ya bar kwamfutar ta dafa hoton, abin da yake kira renda. Awa shida ana yi, fanka biyu na yi mata fifita, shi kuwa yana gefe yana zufa. Ranar da aka ɗauke wuta saura kiris, mai shayin layin ma ya san kada ya gaishe shi. Bayan renda kuma ya zauna cire yashi-yashin da ke cikin hoton, ya ƙara masa kaifi, ya daidaita launi.

Shekarar da ambaliya ta cinye gonakin Zauro, wani kwamitin tallafi ya ce zai raba irin shinkafa na noman rani, amma sai an kawo takarda da hoton ɓarna kafin Alhamis. Labbo, yayan mahaifiyar Munzali, ba abin da ya tsira da shi, kuma in bai samu irin nan ba babu shuka bana. Ya shigo shagon riƙe da waya.

"Munzali, hoton ga ko ni da niɗ ɗauka ban gane mi ag gare shi ba. Ka gyara man shi."

"Kawu, gyara sosai ko sama-sama?"

"Sosai mana! Shi hito tas, kowa shi gani."

Munzali ya duba: laka, shinkafa kwance, sama fari fat, ga babban yatsan Kawu ya rufe kusurwa guda. Ransa ya ɓaci. Ya share komai ya gina gonar daga farko. Kwana biyu ana renda. Ya buga a takarda mai sheƙi, ya liƙe ambulan, ya gargaɗi Kawu kada ya buɗe, don shatin yatsa na ɓata hoto. Labbo ya kai ofis haka nan, yana riƙe da shi kamar ƙwai.

Bayan mako biyu sunaye suka fito, babu Labbo. Abin da ya samu takardar yabo ce, da gayyata zuwa taron manoma a Argungu, ya bayyana yadda ya kuɓutar da gonarsa. A ofishin ne ya fara ganin hoton, an sa masa gilashi an rataye. Ya taso Munzali a Keke har gaban hoton.

"Wagga gonar wa ta?"

"Taka ta, Kawu."

"Tawa? To ina ruwan da yac cinye ta?"

"Na rage shi. Yana kashe launi."

"Shanun ga hwa, masu baƙi da hwari? Yaushe nis saye su?"

"Wurin ya yi hili da yawa, ido ba shi da inda za shi sauka. Kawu, kai kac ce in gyara."

"Hoto nic ce ka gyara, ɗan banza, ba gona ba! Da kana iya gyaran gona ai da hwartanya za ni ba ka."

Labbo ya zaro wayarsa ya nuna wa sakataren kwamitin hoton asali. Sakatare ya gyara tabarau, ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce gaskiya na wayar bai fito ba, ba a iya aiki da shi, shi kuwa na bango ko ƙwayar shinkafa ana ƙirgawa. Iri kuma, in ji shi, an riga an raba.

Labbo bai shuka komai ba ranin nan, sai ƙwadago ya yi a gonar albasar wani. Amma ya je Argungu, don ya ce ba a ƙin gayyata. Aka miƙa masa lasifika, manoma suka kasa kunne suna jiran sirri.

"Jama'a," ya ce, "ku bar wahala da tare ruwa. Kowa shi nemi ɗan ƙanwa mai kwamhuta."

Aka tafa, wasu har da rubutawa.

Munzali na nan a shagonsa. Har yau abin da ke damunsa a maganar guda ne: an rataye hoton yana kallon taga, rana ta fara cin korensa.