Ƙofar da ta girmi masassaƙinta

Mzee, wato Dattijo, Vuai Jecha ya shekara talatin da biyar yana sassaƙa ƙofofi a tsohon garin Zanzibar kafin hannunsa ya fara rawa. Da hannu ya gaza, baki ya karɓi aiki, ya koma yi wa 'yan yawon buɗe ido jagora. A rumfata yake ƙare musu zagaye. Urojo nake sayarwa, su sha romon mangwaro da dankali, yaji na sa su hawaye, suna rantsuwa da daɗi.

Akwai wata ƙofa a wani otal na bakin teku, duk jikinta ƙusoshin tagulla, an kewaye ta da sassaƙen furanni da sarƙa. Allon da ke gefenta ya ce shekararta ɗari biyu, aikin wani gwani ne daga Indiya. Gwanin nan kuwa Vuai ne, mutumin da ko tsibirin Pemba da ke nan kusa zai je sai ya yi amai a jirgin ruwa. Mai otal na wancan lokacin ya sa aka jiƙa ta a ruwan teku, aka turara ta da hayaƙi, ta tsufa cikin wata biyu. Kullum Vuai sai ya tsaya gabanta ya maimaita wa baƙi ƙaryar da bakinsa, don babu mai ɗaukar hoton ƙofar da masassaƙinta ke shan shayi a maƙwabta.

Nakan ce masa, "Mzee, ashe shekararka ɗari biyu? Shi ya sa haƙoran suka yi ritaya." Shi kuma ya ce in ji da gishirin romona.

Wata Asabar 'yarsa Mwanajuma ta zo daga Dar es Salaam, ta ce yau sai ta ga aikin babanta. Ta bi bayan baƙi shida, daga kasuwar kayan ƙamshi zuwa lungun masu zane, har bakin otal ɗin. Vuai ya buɗe baki zai ce Indiya, suka haɗa ido da 'yarsa, ya fasa.

Sai ya nuna can ƙasa, inda zobe ɗaya na sarƙar bai haɗu ba. Ya ce yana kansa aka aiko matarsa ta sauka, ya yar da kurfin sassaƙa ya ruga, da ya dawo ya bar shi haka don tunawa. "Ga jaririyar nan a bayanku," in ji shi.

Ba wanda ya waiwaya. Wata baturiya ta sauke kyamara ta tambaya ko akwai ta gaskiya a kusa. Ya kai su wata, aka yi hotuna. A rumfata sun ci sun ƙoshi, shi kuwa kwanonsa ya huce a gabansa. Mwanajuma ta tafi washegari.

Maigadin otal ya kai magana ciki. Aka hana Vuai hawa matakalar otal ɗin. Kafin mako ya zagayo an kira kafinta, ya cike zoben da garin katako da gam, ya shafa fenti. Sarƙa ta haɗu sumul.

Yanzu daga tsallaken titi yake nuna ta da sanda. Jiya na ji shi yana cewa shekararta ɗari uku. Ban tsokane shi ba.