Akuyar da Ta Ci Gasa

Ni direba ne, Birnin Kebbi zuwa Argungu, Argungu zuwa Birnin Kebbi, har furfura ta same ni a kan titin nan. Boko kuwa a aji biyu na sakandare muka rabu, ba wanda ya yi kewar wani. Ɗiyata ta fari ce mai kai a gidan. Tun da ta fara girma ta hana ni sauke ta a ƙofar makarantarsu ta Badariya, wai ƙawayenta na cewa motata tari take kamar tsohon mashayin taba. Sai in aje ta a kwana, ta ƙarasa da ƙafa.

Wata shekara aka kawo musu wata gasa a makaranta: a ɗauki abin da ake amfani da shi kullum, a sake masa fasali ya zama "mai ɗorewa". Ita da ƙawayenta biyu suka zaɓi ledar da masu awara da soyayyen kifi ke zuba wa mutane. Tunkiyar uwarta ce dalili. Ta mutu da rani, mahauci ya farka tumbi ya tarar da leda cunkushe kamar an ci kasuwa a ciki. Suka ce faranti za su yi da buntun shinkafa da dusa da kullun rogo, a danne, a shanya a rana.

Na latsa farantin farko da suka yi, ya ce ƙas. Na ce, "Wanga shi ne mai ɗorewa? Kwanon kakarki har yau shina nan."

"Baba, ba farantin zai ɗore ba. Duniya ce za ta ɗore."

"Duniya ta aiko ki?"

Duk da haka ni na riƙa jido musu buntu daga injin shinkafa, kuma da jak ɗin motata aka riƙa danne farantan, tunda hannunsu ba ya iyawa. Tsakar gida ta koma wurin taron ƙudaje.

A Argungu za a yi gasar, motar makaranta kuma ta lalace. Yarinyar ta tsaya gabana tana murza bakin hijabi.

"Baba, za ka kai mu?"

Rabon da ta roƙe ni wani abu har na manta. Na wanke motar nan har tayoyi.

Na ɗauke su da malamarsu, kwalin farantai a but ɗin bayan mota. A bakin tasha wata tsohuwa ta tare ni, ita da akuyarta, su ma Argungu. Mota ba ta shan ruwan rijiya, sai na ɗauka. Na ɗaure akuyar ƙafa huɗu tam, na sa ta a but. Ba wanda ya ce mini a ɗaure baki.

Da muka isa na buɗe but, akuya ta ɗago kai tana tuƙa, dusa har gemu. Ta huda kwalin, ta share komai, saura rabin faranti.

Malama ta dafe ƙirji. "Malam, mi ka yi muna haka?"

Na ce, "Ni na ci?"

Tsohuwa kuwa ta kama ihu: "Mi kuka ba ta? In ta mace, wallahi ba ni yarda!"

Ɗiyata ba ta yi kuka ba. Kallo ɗaya ta yi mini, na san ko a kwana ba zan sake sauke ta ba. Sai ta juya ga tsohuwar.

"Inna, ara muna ita."

Ta kwance akuyar ta ja ta har cikin zauren gasa, gaban alƙalai masu manyan riguna da ruwan roba a gabansu. Ta ba su labarin tunkiyar uwarta. Ta ce wannan kuwa kwali guda ta ci a hanya, ga ta nan garau. Ta miƙa mata rabin da ya saura. Akuya ta karɓa ta cinye, ta juya wa babban alƙali baya ta zuba masa shaida a kan kafet. Zaure ya kece da dariya. Ni ina bakin taga, tsohuwa na ja mini riga tana tambaya ko akuyar ma za a ba ta wani abu.

Na uku suka zo. Na ɗaya wasu samari ne da suka shafa wa tsohuwar taya fenti suka ce kujera ce. Taya! Wadda nake zama kanta a tasha tun ba a haife su ba, ba wanda ya taɓa tafa mini.

Muka dawo Birnin Kebbi ni da ɗiyata. Muna shiga gida uwarta ta tarbe mu.

"To, wa ya ci gasa?"

Ɗiyata ta ce, "Akuya." Ta dube ni, dariyar da ta riƙe ta ƙwace mata.

Ranar Litinin na rage gudu a kwanar da na saba aje ta. Ba ta taɓa ƙofa ba.

"Wuce, Baba, kai ni bakin makaranta. Ai yanzu kowa ya san ka."

Ban tambaye ta da me aka san ni ba. Na kai ta har ƙofa, na danna hon, motar ta yi tarinta a gaban kowa.