Ƙusa Biyu a Zauren Yaya Hamadu

Bana shekara goma sha biyu ke nan da muka kai yayana, Malam Hamadu, makwancinsa a nan Garwa. Malamin tarihi ne a lise, wato makarantar sakandare, ni kuwa ɗan tireda ne a babbar kasuwa, don haka ɗan bokon da na sani a bakinsa na tsinta, ba da son raina ba. Mutum ne da in ya kama ka da labari, sai dai kiran salla ya ƙwace ka.

Labarin da ya fi so shi ne na manoman Amurka na farko, waɗanda suka yaƙi Ingila. Nakan tsokane shi in ce, mutumin da bai taɓa wuce Ngaundere ba, ina ruwansa da gonakin ƙetaren teku? Ko a jikinsa. Sai ya ci gaba da cewa a zamanin, doka ce magidanci ya ajiye bindiga a gida, a riƙa fita atisaye a dandalin gari. In yaƙi ya zo a tafi, amma da amfanin gona ya nuna, sai mutane su riƙa sulalewa gida girbi, kwamandansu na ta kumfar baki. Nan wurin ne ke ba Yaya dariya har da hawaye. A ganinsa ba ragwanci ba ne, mutane ne da ba su yarda yaƙi ya zama sana'a ba. Da aka gama ma, babban kwamandan ya ajiye muƙami ya koma gonarsa. In ya zo nan yakan rage murya, don mu a ƙarƙashin hoton shugaba ɗaya muka yi aure, muka haihu, muka yi furfura.

A zaurensa akwai ƙusa biyu a bango. Ɗaya ta fartanyar da yake tafiya da ita gonarmu ta gado a Bibemi duk damina, ɗaya ta tsohuwar bindigar farautar mahaifinmu. Duk baƙon da ya zauna sai an nuna masa su. Yakan ce, "Muddin fartanya ce ke fita bindiga na rataye, ƙasa lafiya take. In bindiga ta fita, to lallai ta dawo kafin kaka." Bai ɓoye ɗaya gefen labarin ba. Ya sha gaya mini cewa bindigogin manoman nan su ne suka riƙa gadin bayi, su ne suka kori mutanen da aka tarar a ƙasar. Ya ce in makami ya daɗe a hannu, yakan samar wa kansa wani aikin.

Allah ya yi masa rahama, bai ga abin da ya biyo baya ba. Masu satar mutane suka addabi ƙauyukan Bibemi, a ɗauke manomi yana tsakiyar kunyar gonarsa. Ƙauyuka suka kafa 'yan sintiri, abin da muke ce wa komite. Babban ɗansa Sa'idu, wanda ya karɓi noman gonar, ya zo ya sauke bindigar kakansa, ya ce da an yi girbi zai mayar. Ranar na ga Yaya a fuskarsa, na ce ga darasin nan ya tashi da ƙafafunsa.

Kaka ta zo ta wuce, wata ta biyo, har na daina lissafi. Bara lokacin cirar gyaɗa Sa'idu ya zo gaida mahaifiyarsa. Ya zauna a zauren nan, ƙarƙashin ƙusar bindigar, ya ci tuwo da bindiga a kan cinya. Na tuna masa manoman labarin babansa. Ya saurare ni har na gama, don yaro ne mai ladabi, sannan ya ce, "Baffa, su suna da gonar da za su koma. Tamu ta zama hanyar ɓarayi. Me zan je in girba?" Na tambaye shi maganar da nake ji a kasuwa, cewa komite ɗinsu ya fara tare makiyaya yana karɓe dabbobin duk wanda suka yi wa zato. Ya sunkuyar da kai, bai musa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da yana nan. Ina jin dariyar ce za ta fara barinsa. Ya ɗauka labarin girbi yake koya mana, ashe ɗaya gefen ne rabonmu. Ban ga alamar wanda zai ajiye komai a ƙasar nan ba, daga mai kujera har mai bindigar farauta.

Me ya rage na Yaya? Ɗalibansa in mun haɗu, wani jandarma, wani ɗan acaɓa a Maruwa, dariyarsa suke tunawa, manoman kuwa sun manta da su. Watan jiya gara ta gama cinye ƙotar fartanyar, ruwanta ya faɗo ƙasa. Matar Yaya ta ce in cire ƙusar, tana yage wa jikoki riga. Na cire. Da na kai hannu ga ta bindigar sai ta ce in bar wannan, Sa'idu zai buƙace ta. Na bar mata. Ban gaya mata abin da ke raina ba, cewa ranar da bindigar nan za ta dawo zaure, ina tsoron wani ne zai kawo ta.