Tafiyata zuwa Tawa neman sa hannun Kaftin Isufu

Dogarawa

Ana sallame sallar asuba na ɗauki jaka na fito daga gidana na Dogarawa. Matata Rabi ta biyo ni har zaure da ƙullin dambun zogale, ta ce, "Malam, in ka ga sama ta yi baƙi ka haƙura, don Allah." Na ce to.

Ni likitan dabbobi ne. Tuƙin ƙaramin jirgin sama a Yamai na koye shi, lokacin da nake aiki tare da masu feshin fara, har na samu farmi, wato lasisin tuƙi. Da aka maido ni gida sai tashi ya koma abin shekara-shekara, daga baya ma ya gagara. Nan ba jirgi, ba fili. Kujerar roba ce ta rage mini: bayan la'asar in zauna in rufe ido, in kama sandar tuƙi da babu ita, in yi ta bitar tashi da sauka, yara na leƙe suna dariya. Ga shi ƙarshen wata farmin zai mutu, sai in malami ya tashi da ni ya sa hannu.

Ana haka Kaftin Isufu, wanda ya koya mini tuƙin, ya kira ni. Zai kawo magunguna Tawa, jirgin zai kwana. In na iso da hantsin Alhamis, zai ba ni awa guda.

Malbaza da Tsarnawa

Tsohuwar bas na samu, mu a ciki, awaki a bisa. A shingen Malbaza jandarma ya karɓi takarduna, sai farmin ya biyo katin ɗan ƙasa. Ya juya shi gaba da baya.

"Baba, kai matuƙin jirgin sama ne?"

"Haka takarda ta ce."

"To mi kake yi cikin motar awaki?"

Mota ta kwashe da dariya. Ni ma na yi.

A Tsarnawa na sauka na jira motar arewa. Ba ta cika ba sai bayan azahar. Na ci dambun Rabi a gindin rumfar masu albasa, ina kallon hadari yana haɗuwa a gabas. Kafin mu wuce Gidan Idar ruwa ya sauko kamar da ƙwarya.

Badagishiri

Ƙorama ta kawo, ta shafe hanya. Manyan motoci sun yi layi, direbanmu ya kashe inji ya ce, "Yau sai dai haƙuri, kowa shi nemi makwanci."

Na tuna da Buba, wani Bafulatani mai fataucin shanu da na taɓa yi wa garkensa allura a wajen Illela. Na nemi gidansa nan Badagishiri, ya karɓe ni hannu biyu, aka dama fura da nono mai sanyi. Da ya ji abin da ke tafe da ni sai ya ce, "Likita, mi ke akwai can sama da kake sha wa wannan wahala?"

Na ce masa daga can ana ganin burtali kamar zare, ana ganin inda ruwa ya sauka da inda ya ƙi. Ya gyaɗa kai don kara. Ni kaina na ji ban faɗi abin ba.

Da safe ruwa ya ja. Buba ya goya ni a babur har ƙetare, ya tsayar mini da wata motar ɗaukar kaya.

Tawa

Na iso filin jirgi rana ta ɗaga, wandona duk laka. Kaftin ya yi furfura, amma idonsa na nan yadda na san shi. Muka zagaya jirgin, na duba mai, na duba fiffike da tayoyi. Duk abin da ya tambaya na amsa ba gargada. Ya ce, "Kanka bai manta ba. Mu ga hannun."

Tashi ya yi kyau. Da tayoyi suka bar ƙasa sai da ƙwalla ta cika mini ido. Gero ya yi kore shar, tafkuna suna walƙiya har iyakar gani.

Wajen sauka abin ya lalace. Na farko na zo da gudu, jirgin ya daki ƙasa ya yi tsalle, na ƙara wuta muka koma sama. Na biyu iska ta bugo daga gefe. Na san ƙafar da zan taka, na sani sarai, amma kafin ƙafar ta amsa hancin jirgi ya karkace ya nufi ciyawa. Kaftin ya ce, "Saki, na karɓa." Na saki. Na uku na sauke shi da kaina, da ƙyar, rigata sharkaf da gumi.

Muka zauna a inuwar fiffike. Ya daɗe yana juya alƙalami a hannu.

"Likita, da ɗiyarka Hadiza ce zaune inda na zauna, wa zai karɓa?"

Ya ci gaba da cewa:

"Ba lalacewa ka yi ba, hannu ne ya yi sanyi. Ka zo Yamai mu yi mako muna tashi kullum, in sa maka hannu da farin ciki. Yau ba ni iyawa."

Na ce masa damina ce, ciwon dabbobi ya yi yawa, buro, wato ofishinmu, ba zai sake ni ba kafin ƙarshen wata. Ya ce ya sani. Ya kuma gaya mini masu jirgin suna maganar sayar da shi, bai san ko zai ƙara kawo shi Tawa ba. Bayan azahar ya tashi. Na tsaya bakin wayar shingen fili har ƙarar ta ɓace.

Komawa

Hanya ta bushe, ba abin da ya tsayar da mu. Direba ya yi ta jana da hira, ina amsa masa da i da a'a. Ana kiran magariba na shiga gida. Rabi ta dubi fuskata, ba ta tambayi takarda ba.

"Ka tashi?"

"Na tashi."

"Ka kuma sauko da ƙafafunka. Ga ruwan wanka can."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni. Na gode wa Buba da iyalinsa. Kaftin Isufu ma na gode masa, ko da yake sai da na kwana biyu kafin na iya ɗaga waya in gaya masa.