Ummaru Gilas da Saiwar da Ta Ƙi Nutsewa

Duk wanda ya taɓa hawa bayan babur ɗin Ummaru Gilas ya san ba a wuce ruwa da shi. Gulbi ne, rafi ne, sai ya taka birki, ya tsinci guntun iccen da ruwa ya kawo, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa a kunne kamar mai sayen kankana. Ni Modi taubashinsa ne, ni na fi kowa shan wannan wahala.

Kun tuna dai, da ya bar aikin kuku a Kaduna ya dawo Tambuwal da akwatin gilas na kifi. Ba na ci ba, na kallo! 'Yan mitsi-mitsi, jajaye. Ya ce kifi ba ya sakewa a fili, sai an sa masa icce ya riƙa ɓuya. Wani baƙo daga Jabo ya taɓa leƙawa ya ce, "Malam Ummaru, yaushe za su isa miya?"

Ummaru ya dube shi sama da ƙasa. "Kai da kaz zo gaishe ni, miya zan yi da kai?"

Wata rana muna kan hanyar ɗaurin aure a Kebbe, ya hango wata saiwa a bakin gulbi, mai yatsu kamar hannun tsoho. Wallahi da babbar rigarsa ya faɗa ruwa! Ya fito yana ihu, "Modi! Ka ga sarauniya!"

Ni kuwa hankalina ya tashi. Na ce, "Ummaru, tsintuwa ce fa. In da mai ita? Sai an yi cigiya."

"To tsaya ka tambayi gulbi."

Na kuwa tambayi wasu masunta biyu, suka yi ta dariya har ɗaya ya kusa kifar da kwalekwale. Muka isa Kebbe an riga an shafa fatiha, ina rungume da saiwa, ango na tambaya ko ita ce gudummawarmu.

A gida aiki ya tashi. Ya kankare ɓawo, ya goge da burushi, sannan ya ɗora babbar tukunyar Inna Hajo, matarsa, ya dafa saiwar wuni guda. Ya ce dahuwa ke kashe ƙwari, ta kuma fitar da jan ruwan icce da ke rina akwati. Ruwan ya yi jawur kamar shayi. Inna Hajo ta zuba a bokiti za ta zubar, sai maƙwabta suka gani. Namiji ya dafa saiwa wuni guda, ai ba banza ba! Kafin magariba mata sun kwashe shi a kofuna, wai maganin sanyin ƙashi ne. Innalillahi! Ko sunan iccen ba mu sani ba. Kwana uku ina bi gida-gida ina tambayar wa ya yi amai. Sai ga tsohuwa Ige da galan, wai gwiwarta ta saki, a ƙara mata.

Ummaru ya ce, "Ka ji ko? Abin da kifina suka ƙi, shi mutane ka layi a kai." Amma bai bari an ƙara ba ko kofi ɗaya.

Saura abu guda: saiwar ta nutse. Ya jiƙa ta a duro, yana canja ruwa kullum, ita kuwa tana yawo a sama abinta. Na ce a ɗaura mata dutse da waya mana. Ya zaro ido.

"Dutse? In wayar ta tsinke saiwar ta taso ta fasa min gilas? Sai ta sha ruwa ta ƙoshi, ta sauka da kanta. Nika jira."

Ya yi alkawari ba za ta shiga akwati ba sai ta nutse don kanta, kuma sai ya gani da idonsa. Wata biyu, wata uku. Cikin haka ciwo ya kwantar da shi. Kullum na shiga gaishe shi, kafin ya amsa sallama sai ya ce, "Ta sauka?" In ce a'a. Ya juya fuska bango. Yana ramewa, saiwa na yawo. Tsoro ya kama ni kada ya tafi bai gani ba.

Ran nan da hantsi, yana barci, na nemo faffaɗan dutse na ɗaure a ƙasanta da waya. Ta sauka. Amma na kasa faɗa masa. Mako guda ina shiga ina cewa a'a, ina fita ina istigifari: a'a ɗin ƙarya ce, i ɗin ma ƙarya ce. Har raka'a na riƙa mantawa a salla.

Inna Hajo ce ta leƙa duro ta rangaɗa guɗa. Aka tallabo Ummaru, ya dafa bakin duro ya leƙa, fuskarsa ta washe. Ya juyo gare ni. "Da kanta?"

Na ce, "Ummaru, ka yafe mini. Dutse ne."

Na zaci zai tsine mini. Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. "Kai, Modi! Ƙarya guda ɗaya tak a duniya, ita ma ka kasa riƙe ta! Kwance shi mu gani."

Na tura hannu har kafaɗa, na warware wayar, na zare dutsen. Muka zuba ido. Saiwar ta ɗan motsa, ta karkata... ta zauna! Ta zauna daram a ƙasan duro! Na yi kabbara har kaji suka watse. Inna Hajo ta sake guɗa. Ummaru na buga duro yana cewa, "Ta ƙoshi! Ku kawo akwati!"

A ranar muka saka ta. Aka jawo masa katifa kusa, ya kwanta yana kallon jajayen nan suna shiga tsakanin yatsunta suna fita. Kwana goma sha ɗaya ya yi yana kallo.

Allah Ya jiƙan ka, taubashina. Ya sanyaya makwancinka, Ya shayar da kai daga ƙoramun Aljanna. Ni ma Ya yafe mini makon nan guda. Amin.