Umara Kafinta da Allunan Mararraba

A unguwar Bolewa ta Pataskum, in ka ga ƙofa ta zauna daram a bango, ba ta kuka ba ta cijewa, to Umara ne ya yi ta. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da garin katako a gemu kamar wanda ya yi barci a bakin turmi. Bai san inci ba, bai san ƙafa ba, kuma ba ya neman a koya masa. Ma'auninsa tsinken tsintsiya ne. Ka kawo masa tsohuwar kujera ka ce irinta kake so, sai ya ɗora tsinke, ya karya shi daidai tsawon ƙafarta, ya kama aiki. In tsohuwar tana ɗingishi, sabuwar ma sai ta yi, don Umara ba ya gyara abin da ba a ce ya gyara ba.

Maƙwabta sukan tsokane shi. "Ya Umara, in an kawo maka akuya a ce ka yi irinta fa?"

"Kawo ta. Amma kai za ka riƙe ta, ta tsaya cak."

Abu guda ne ba a wasa da shi a gabansa: sunansa. Ko ƙusa ɗaya ce ta ragu daga aikinka, sai ya ƙulle ta a tsumma ya kawo maka har gida.

Shekarar da aka gyara hanya manyan motoci suka fara yawa, Baturen hanya ya ce a kafa alluna a mararraba, don direba ya san ina Maiduguri ina Gashuwa. Akawunsa, Malam Saleh, mai fensir a kunne ko wurin cin tuwo, ya zo ƙofar Umara da leburori ɗauke da dogayen katakai da fenti. Ya miƙa masa takarda. A jikinta an zana alluna huɗu masu tsinin baki, kowanne bai wuce tafin hannu ba, da wasu 'yan lambobi a gefe.

"Haka Bature yake so. Kada ka ƙara, kada ka rage."

"Malam, waɗannan 'yan tururuwan da ke gefe fa?"

"Ba ruwanka da su. Wannan ta masu ilimi ce."

Jama'a, lambobin nan su ne girman allon! Da akawu ya buɗe baki ya ce kowanne ya kai tsawon mutum kwance, me zai rage shi? Amma ina, ilimi ya kumbura shi. Umara ya dubi tulin katakon, ya dubi zanen, ya ce ai kayan sun yi yawa. Akawu ya ce komai na Bature da yawa yake, ya juya abinsa.

Umara ya ɗora tsinke a kan takarda ya karya. Kwana tara yana abu ɗaya. Bai iya karanta boko ba, amma ya kwaikwayi kowane harafi da gashin kaza, har wani ɗigon tawada da ya zuba a takardar sai da ya saka shi a wurinsa. Rabin katako guda ya ishe shi. Sauran ya jera su a zaure a kan duwatsu saboda gara, ya rufe da zana. Sau biyu yana takawa da ƙafarsa ya ce a zo a kwashe, sau biyu akawu yana cewa, "Ajiye, za a zo."

Leburori suka kafa dogon gungume a mararraba suka buga allunan a kai, kamar an maƙala cokula huɗu a jikin tabarya. Bature yana rangadi, akawu kuwa bai ko leƙa ba. Direban da ya hango abin sai ya tsaya, ya sauko, ya kanne ido ɗaya yana karatu. Wanda bai hango ba ya wuce da sunan Allah.

Sai ga wani babban Bature daga Jos zai tafi Maiduguri. Direbansa baƙo ne, bai ga komai ba, ya saki hanya ya miƙe har Nangere, mota ta nutse a yashi. Manoma ne suka ajiye fartanya suka turo ta, Baturen ya dawo ja wur kamar gauta. Ya sauke fushinsa a kan Baturen hanya, shi kuma ya juya kan akawu. Akawun nan, ko kunyar Allah babu, ya ce, "Ranka ya daɗe, kafintan ne ya cinye katakon."

Aka turo ɗan doka, Kaumi, mutumin da Umara ya yi wa ƙofar ɗakinsa. Ya ɗaga zana, ga katakai a jere. Shi ke nan, wai an kama ɓarawo da kaya! Wane ɓarawo ne yake ɓoye sata a zaure, inda kowane mai sallama yake zama? Kaumi ya ɗora wa Umara katako ɗaya a ka, ya tasa shi gaba, kuma ranar kasuwa ce. Akwai hanya ta baya, bai bi ba, sai ta tsakiyar rumfuna. Matar Umara, Mairam, tana biye tana cewa, "Kaumi, yau in ka rufe ƙofarka ka tuna wa ya yi ta!" Umara dai ya ci gaba da tafiya. Yana jin mutane suna cewa, "Ashe har Umara?" Wannan "ashe" ta fi katakon nauyi.

A ofis, wanda zai yi tafinta shi ne akawun da ya yi ƙaryar. Umara ya ga in ya yi magana a bakin wancan za ta lalace. Sai ya ciro takardar daga cikin hularsa, ya shimfiɗa a tebur, ya ɗauki allon da aka cire daga mararraba ya ɗora a kan zanen. Ya rufe shi ruf, ko gashi bai leƙo ba.

Baturen hanya ya duba, ya sake dubawa, sai ya fashe da dariya har yana share ido. Ya ce da Hausarsa mai karyayyen baya, "Kai ba ɓarawo. Kai wawa. Tafi."

"Ranka ya daɗe, kasuwa fa? Kaumi ya koma da ni ta inda ya biyo da ni, ya gaya musu."

Bature ya riga ya koma kan takardunsa. Sata an yi shelarta a gaban garin duka, wankewa kuwa a ɗaki, gaban mutum uku, Bature da akawu da Kaumi, biyu daga ciki su ne masu laifin.

Wata guda ba wanda ya kawo wa Umara ko gyaran kujera. Ana gaishe shi, amma in ya shiga gida sai ka ga an janye buta. Sai ya ɗauki takardarsa da allonsa ya shiga kasuwa, rumfa rumfa, daga masu gishiri har mahauta. Kowa sai ya ɗora masa allo a kan zane ya ce, "Duba da idonka." Kasuwa uku yana yi. Wasu su yi dariya, ya tsaya har su gama, ya ce, "Na ji, wawa. Ɓarawo fa?" Sai su koma kan cinikinsu.

A kasuwa ta ukun ne wani Bakano mai shagon yadi, Muhammadu Lawan, ya kira shi. Ya ce kantar shagonsa ta karye, shi kuma gobe zai hau mota Kano, sai bayan kwana goma. Ya ciro mabuɗi a gaban mutane ya miƙa masa.

"Kayan fa, mai gida? Wa zai tsaya a kansu?"

"Kai mana."

Umara ya juya mabuɗin a hannu. Sannan ya ɗaure fuska ya ce, "To. Amma mu je ka nuna min tsawon da hannunka."