Wayar Yaya Ilu

Duk wanda ya taɓa jerawa da Yaya Ilu a hanya ya san ba ya kallon gabansa, ƙasa yake kallo. Kada ku ba shi ladan da bai nema ba, ba tawali'u ba ne, waya yake nema. Guntuwar wayar rediyo, ta birkin keke, wadda aka ɗaure buhu da ita aka yar, sai ya sunkuya ya ɗauka, ya hure ƙasar, ya nannaɗe a yatsa ya tura aljihu. Matarsa, Yaya Laraba, ba ta jiƙa masa riga sai ta fara zazzage aljihun a faranti kamar mai tsintar shinkafa. Ni ne Garba, ƙaninsa da ke bi masa, mai sayar da hatsi a Dawanau, don haka na ga abin da da yawanku sai labari kuka ji.

Wata rana muna dawowa daga kasuwa a bas, mun kusa Makoɗa, sai ya hau dukan jikin mota yana cewa direba ya tsaya. Kowa ya zaci ciki ne ya murɗa masa. Ya sauka, ya koma baya da gudu-gudu, ya dawo da wata waya da ba ta kai tsawon cokali ba.

Direba ya ce, "Malam, saboda wannan ka tsayar da mu?"

"Jan ƙarfe ce zalla. Kai ma da ka gan ta da ka tsaya."

"Da na gan ta da na take ta."

Yaya ya gyara zama ya ce, "Shi ya sa har yau direba kake."

Kun tuna shekarun nan da albashi ya zama kamar ganin wata, sai an yi ta cigiya. Fetur sai a layi ko wajen 'yan bumburutu. Turakun lantarki sun iso ƙauyenmu, amma tsuntsaye suka fi mu cin moriyarsu. A lokacin ne aka rage ma'aikata a ofishin da Yaya yake buga tafireta, sunansa na ciki. Kowa ya ce to, sai ya koma gona sosai. Sai ya sayar da san nomansa, ya tafi Kano inda wani kamfani da ya rufe yake gwanjon kaya, ya dawo da tsofaffin kwamfutoci biyu da firinta mai kukan tsiya. A kujera ya zaunar da su a mota, shi ya tsuguna a bakin ƙofa kusa da kwandasta.

Na ce, "Yaya, garin da babu wuta, ɗaya ma ta yi yawa. Me ya kai ka biyu?"

Ya ce, "In ɗaya ta mutu ɗayar ta ci gadonta. Kai dai ba ka da hangen nesa, sai hangen mudu."

Ya sa musu suna Babba da Ƙarama, ya girke su a zaure, ya gyaro wani ɗan janareta da mai shi ya fid da rai da shi, ya rubuta a jikin bango da gawayi cewa ana buga takardu. Aiki yana ɗan samuwa, tambayoyin jarrabawa, katin biki, irin waɗannan. Sai aka yi wani dogon zama babu wuta babu mai, zanzaro ya samu kafar da ake zura faifai a jikin Babba ya gina ɗakinsa na laka a ciki. Ko da aka ankara kafar ta tashi aiki. Daga ranar duk abin da ya shiga cikin Babba ya shiga kenan, ba shi da hanyar fita sai ta firinta.

Nan ne maganar wayar ta taso. Wani ya gaya masa cewa wannan faffaɗar kafa da ke bayan kowace kwamfuta, wadda ake soka wayar firinta, in aka samu wata waya ta musamman mai kai biyu, sai a haɗa kwamfutoci biyu su riƙa miƙa wa juna aiki. Ya hana ni sakat sai da na goya shi a babur har wani shago a Kano. Mai shago ya ɗauko wayar ya faɗi kuɗinta. Yaya bai ce ta yi tsada ba, bai ce a rage ba. Ya nemi benci ya zauna, ya fiddo batir da ƙwan tocila daga aljihu. Kowane kai na wayar haƙora ashirin da biyar gare shi, ya riƙa taɓa haƙori ɗaya a nan, yana laluben wanda zai kunna ƙwan a can. In ya samu sai ya naɗe hannun riga ya rubuta da biro a dantsensa, can sama da gwiwar hannu, inda alwala ba ta kaiwa.

Mai shago ya gaji ya ce, "Alhaji, saya za ka yi ko awo?"

"Gaisawa muke yi tukuna."

Da ya gama ya nannaɗe wa mutumin wayarsa tsaf, ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce, "Na gode ƙwarai. Waya ce mai kyau, kada ka sayar da ita da araha." Ni dai tuni na fice na tsaya wajen babur kamar ban san shi ba.

A gida ya yanka tsofaffin wayoyin firinta guda biyu da ya samu a cikin kayan gwanjon, ya zauna haɗa su sili-sili, na wannan ya kai shi wancan haƙori, yana duba dantsensa. Ba shi da abin liƙa dalma, sai ya riƙa gasa ƙusa a murhun Yaya Laraba tana tsaka da tuƙa tuwo. Wanka kuwa ya ɗage shi sai an gama, don kada ilimi ya bi ruwa. Yaya Laraba ta ce mini, "Garba, ka roƙi yayanka ya kwafe abin nan a takarda. Kwamfutocin ba su da hanci, mu muna da shi."

Haɗin farko bai yi ba. Na biyu ma haka. In ka ce masa abin ya ƙi, sai ya ce, "Ba ta ƙi ba, ba ta gane ba ne." Haka yake cewa game da rediyo, da jaki, da ni kaina. Ranar da ta gane ɗin kuwa, kwamfutar ta tambaye shi da Turanci wace ce mai masauki, wace ce baƙuwa, don sai an ware kafin su yi magana. Ya daɗe yana nazari kamar an kawo masa shari'ar gado, sannan ya yanke cewa Babba ce mai masauki, don ba a aika babba gidan ƙarami.

Sai ya shirya nuna wa duniya. Ya huda bangon zaure, ya zura wayar ta ciki, ya kai Ƙarama ɗakin da ke baya, ya zaunar da ni a gabanta. Maƙwabta suka cika zaure. Ya ce yau za a aika saƙo daga ɗaki zuwa ɗaki ba tare da ɗan aike ba. Matsalar ita ce Yaya bai iya buga rubutu bakinsa a rufe ba. Ta cikin hudar nan ina jin sa, tsakar gida ma ana jin sa:

"Gar-ba... ka... ce... a... ka-wo... fu-ra."

Ya tura. Ni ina zaune ina kallon fuskar Ƙarama, ba abin da ya motsa. Can sai ga Yaya Laraba ta leƙo zaure da ƙwarya, ta dire a gabansa ta ce, "Ga furar. In saƙon naka ya iso a gaishe shi da hanya."

Zaure ya kwashe da dariya. Yaya ko murmushi bai yi ba, ya ce, "Wannan satar hanya ce, ba a lissafa ta." Amma ya sha furar. Saƙon ma ya iso daga baya, na karanta shi da ƙarfi, ba wanda ya saurare ni.

An daɗe ana yi masa tsiya da wayar nan, har ranar Malama Saude. Kun san ta, ita ta koyar da yaranmu a firamare. A lokacin tana zuwa kwaleji a Kano ƙarshen mako, don an ce duk malamin da ba shi da babbar shaida za a sallame shi, ga ta da yara, ga miji ba lafiya. Kundin kammala karatunta ta riƙa kawo wa Yaya kaɗan-kaɗan da rubutun hannu, yana bugawa a cikin Babba duk ranar da aka samu mai. Shi kuwa a ƙa'idarsa, takardar da aka gama bugawa ta gama aikinta a duniya, sai ya miƙa wa Yaya Laraba ta ƙunsa ƙuli-ƙulin sayarwa. Kafin a kai babi na ƙarshe, rabin ƙauyen nan ya ci ƙuli a cikin binciken Malama.

Ana saura kwanaki kaɗan a miƙa kundin, Babba ta fara wani ƙwas-ƙwas daga ciki, tana ɗaukewa tana dawowa. Buga kundin a firintar nan aikin wuni guda ne, Babba kuwa ba ta iya jure ko zaman cin tuwo. Kafar faifai zanzaro ya gama da ita. Malama ta ce to a ba ta takardunta na hannu ta kai wani wuri. Yaya Laraba ta sunkuyar da kai. Da Malama ta fahimci inda takardun suka tafi, sai ta zame ta zauna a dokin ƙofa.

Da la'asar sai ga shi a ƙofar gidana da guntun tiyo da kwalba. Jiya-jiyan na wuni a layi kafin na samu ɗan abin da ke cikin tankina.

Ya ce, "Garba, babur ɗinka zai yi azumi."

"Yaya, gobe kasuwa."

"Kasuwa tana nan jibi. Yarinyar nan in aka kore ta ba ta da jibi."

Na buɗe masa tanki. Muka dawo da Ƙarama zaure, aka jera su baya da baya kamar waɗanda suka yi faɗa, ya soka wayarsa, aka tada janareta. Sai da Babba ta ɗauke sau biyu kafin ta yarda ta tsaya. Ya fara tura babi-babi. Wani ɗan layi ne a fuskar Ƙarama yake tafiya a hankali, kai ka ce ba ya so. Yaya Laraba, wadda ta fi kowa zagin kwamfutocin nan, ita ce durƙushe tana yi wa Babba fifita da mafici. Malama tana jan carbi. Yaya ya hana kowa tari, ya riƙe wayar a tsakiya da yatsu biyu, wai kada ta girgiza. Da janareta ya fara shaƙewa ya ce in karkata shi man ya gangaro, na rungume shi a karkace, hayaƙi yana shiga idona.

Babi na ƙarshe yana gama shiga, ya tura ɗan abin da ya rage, sai Babba ta yi wani ƙara ta yi duhu. Ba ta sake tashi ba har abada. Yaya ya cire hula ya share zufa, ya buɗe babin nan ɗaya bayan ɗaya a cikin Ƙarama. Duk suna nan. Malama ta rufe fuska da mayafi tana kuka, Yaya Laraba tana taya ta. Abu ɗaya ne bai tsallako ba, shafin godiya, don shi ya bari a ƙarshe. Ya ce ai dama godiya a ƙarshe ake yin ta.

Malama ta ce ba komai, layi uku ne, ta gode wa Allah, da maigidanta, da malaminta, da Malam Iliyasu da ya buga. Yaya ya ce ta tafi ta huta, ya riƙe a ka. Aka buga, aka ɗinke, ta kai Kano ba ta duba shafin ba. Tana gaban malamin da ke duba aikin, ya buɗe shafin godiyar, ya karanta, sannan ya ɗago da tausayi ya ce, "Allah ya jiƙan rai. Wannan marigayiya Babba da ta riƙe amana har numfashinta na ƙarshe, kakarki ce?"

Malama ta ce masa, "Eh, ta gida ce." Mutumin har fatiha ya yi. Ta ci jarrabawarta, ba a sallame ta ba, da ita aka yi ta aiki har ta zama shugabar makaranta.

Da wayar hannu ta shigo, na saya wa Yaya ɗaya. Ya jujjuya ta, ya leƙa ƙasanta, ya ce, "Me ka ce sunanta?"

"Waya."

"To ina wayar?"

Ya mayar mini. Ya ce abin da ba ya ganin inda maganarsa take bi, ba zai zuba sirrinsa a ciki ba. Har ya koma ga Allah, in yana son magana da ni sai ya tako da ƙafarsa.

Muna ta dariya, amma akwai abin da yaran yanzu ba su sani ba, don shi bai taɓa faɗa ba. Shekarar da Baba ya rasu, Yaya yana makarantar koyon aikin lantarki a Kano, shi ne na gaba a ajinsu. Ya tattara kayansa ya dawo, ya kama garma, don ni da ƙannenmu mata mu ci abinci. Bai koma ba. Ni na tashi na ga tuwo kullum a akushi, ban taɓa tambayar me aka ajiye kafin ya samu ba. Sai da yana kwance a ciwon ajali na yi ƙarfin halin tada maganar, na ce, "Yaya, mu muka tare maka hanya." Ya kalle ni ya ce, "Kai dai ka cika surutu. Gyara mini matashin nan."

Na gyara masa. Ba a yi kwanaki da yawa ba ya cika, da hantsi, Yaya Laraba tana riƙe da hannunsa.

Allah ka ga abin da bawanka Iliyasu ya bari domin marayu, ka ba shi wanda ya fi shi. Ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka ba Yaya Laraba haƙurin zama a gidan da ya yi shiru. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.